Shekarar da Na Goge Tsagen Baba

Hoton nan da ke rataye a shagona, bayan teburin da nake yanka takarda, wanda tun kuna ƙanana kuke nunawa da yatsa kuna cewa ga Kawu Isufu da malafa, ba kawunku ba ne. Kakanku ne, Baba Nomau, mahaifina. Ban taɓa gyara muku ba, don labarin yana da tsawo, ku kuma a lokacin ba ku da gindin zama. Amma kwanan baya 'yar'uwarku Rabi ta ga kawunku ya fito daga shagon idonsa ya yi ja, ta dame ni da tambaya ko faɗa muka yi. Ba faɗa muka yi ba. Gara in rubuta muku abin yadda yake tun ina da ƙarfin ido, kafin wani ya ba ku shi a karkace.

Ku ba ku riski Baba da wayonku ba, sai in fara da fuskarsa. Yana da tsagen Arawa, biyu a kowane kunci, sun taso daga gefen baki sun nufi kunne. In ya yi dariya sai su lanƙwashe, in ya ɓata rai su miƙe, har mu yara mun san a kumatunsa ake duba ko yau ranar roƙon wani abu ce. Manomi ne na ji da faɗi a Dumega, mai son a yaba masa, kuma ba ya ɓoye hakan. Yana salla, yana azumi, amma uwarsa 'yar garin Lugu ce, inda aka riƙe al'adar iskoki, ta bar masa doguwar gona, wato iskar da gidansu suka yi imani ita ke tsaron amfanin gonar. Kowace shekara kafin shuka sai ya je gindin gawon da ke tsakiyar babbar gonarsa ya zuba gumba, ya yanka kaza, ya yi 'yan maganganunsa. Haka ya tarar, haka yake yi, bai ga inda abu biyun nan suka ci karo ba.

Yayana Isufu shi ne ɗan fari, kuma shi ne na farko a zuriyarmu da ba a yi wa tsage ba. An haife shi ba lafiya, Inna ta rungume abinta ta ce wanzami ba zai taɓa shi ba sai ya yi ƙwari. Kafin ya yi ƙwarin zamani ya juya, mu da muka biyo baya ma ba wanda aka tsaga. Isufu ya tashi da kasuwanci, ya buɗe shagon kayan masarufi a Dogon Dutsi, ya zauna gaban malamai ya yi karatu mai zurfi. Da ya dawo da abin da ya karanta, sai ya ce wa Baba zuba gumba a gindin itace shirka ce. Ba da tsawa ya faɗa ba, Isufu bai iya tsawa ba, amma hali zanen dutse, taurin kan nan na Baba ne ya kwaso duka. Ya ce ba zai ƙara cin hatsin gonar ba. Ranar da ya zo gaisuwa Inna ta aika masa tuwo zaure, kwanon ya dawo a rufe yadda ya tafi. Ina tsaye Inna ta buɗe ta ga ko malmala ɗaya ba a gutsura ba, ta mayar da murfin a hankali ta shige ɗaki. Baba kuwa ya miƙe tsakar gida ya yi maganar da kowa ya ji.

"Wanda ba shi cin hatsina, ba ni na haihe shi ba. Ku duba huskatai ma, ina nawa ciki?"

Daga ranar Isufu bai sake taka gidan ba. In ya haɗu da Baba a jana'iza yakan durƙusa ya gaishe shi, Baba ya amsa yana kallon wani wuri. Haka aka yi shekaru. Dangi sun shiga tsakani sun gaji. A shekarar da nake ba ku labari kuwa, magana ta fito cewa Isufu ya sami shago a Kamba, can ƙetaren iyaka, da an gama kaka zai kwashe iyalinsa ya koma gaba ɗaya. Inna ta san in ya tafi a haka, an rabu ke nan. Ta daina yi wa kowa zancen, sai dai ta rame.

Ni a lokacin ina shekarar ƙarshe a wata makaranta a Yamai, inda ake koyar da talla da tsara zane. Abin da zai ba ku mamaki, Isufu ne ya kai ni. Tun ina yarinya nake zana wa amare lalle, ina rubuta wa masu amalanke suna a jikin katako, shi ya lura ya ce hannun nan bai kamata ya tsaya a nan ba. Shi ya ɗauki nauyina, da sharaɗi ɗaya da ya faɗa yana murmushi, wai in zana rubutu da kaya, in bar abu mai rai. Na ce to, na san kuma ba zan iya cikawa ba, don a makarantar ba a tambayar ra'ayin yayan kowa. Mun koyi yadda ake zaɓen launi, da yadda harafi mai kauri ke magana daban da siriri, da inda idon mai wucewa ke fara sauka in ya kalli allo. Malamarmu, Madam Zalika, Bazabarma ce gajera mai kaifin baki. Takan ɗauki aikin da ka kwana biyu kana yi, ta kai shi ƙarshen aji ta liƙa a bango, ta ce ka tsaya bakin ƙofa ka karanta. In ba ka iya ba, ta ce to mai babur ma ba zai iya ba, ka sake. Na sha kuka a hannunta, kuma duk abin da nake ci da shi yau ita ta koya mini.

A wannan shekara wani kamfani mai sayar da irin gero ya zo makarantar yana neman zanen da zai buga a jikin buhunansa. Suka ce wanda aka zaɓi nasa, shi za su ɗauka aiki in ya gama. Aiki a Yamai, da ofis, da kwamfuta tawa ni kaɗai: ban ɓoye muku ba, na so abin nan har cikin raina. Kuma ina da abin da sauran ba su da shi. A hutun kaka na ari na'urar hoto na ɗauki Baba a gona, da malafarsa, ya rungume damin gero. Ba sai na roƙe shi ba. Shi ya zaɓi damin da ya fi cika, ya sa aka sake ɗauka sau da yawa wai rana ta kashe masa ido, ya kuma tambaye ni ko har Damagaram za a gan shi. Da Madam ta ga hoton ba ta kushe komai ba, wanda a wurinta yabo ne. Mutanen kamfanin ma shi suka nuna da yatsa. Sai dai suka ce buhun zai zaga ƙasa duka, fuska mai tsage kuwa tana cewa irin na mutanen wuri ɗaya ne. Suna son manomin da kowa zai ce nasu ne, kuma mai sauran ƙuruciya. A goge tsagen, a rage tsufan.

Ban ga aibu ba, aikinmu ke nan, kullum muna goge tabo da ƙuraje. Yadda ake yi, kana jawo hoton ya yi girma har kunci ɗaya ya cika allon kwamfuta, sai ka ɗebo fata daga inda take lafiya ka riƙa ɗorawa kan tabon kaɗan-kaɗan, kamar mai yaɓen ɗaki. Na yi makonni a kan kumatun Baba. A nan na san tsagensa yadda ban taɓa saninsu ba: na dama a miƙe suke, na hagu na sama yana da 'yar karkata kusa da kunne, inda ina jin jaririn ya motsa a hannun wanzami. Na goge su, na share tamojin goshi, na mayar da furfurar gemu baƙa. Wanda ya daɗe yana kallon abu kusa-kusa ba ya ganinsa. Ni dai abin da nake dubawa ko fatar ta haɗu, ko inuwa ta zauna daidai. Madam ta kai shi ƙarshen aji, ta dawo ta ce ya yi. Saura abu ɗaya, dokarta ce da ba ta sassautawa: ba a fitar da fuskar mutum sai ya ga yadda aka mayar da ita ya yarda da bakinsa.

Na buga shi a takarda mai kyau na tafi gida a hutun bazara, ina ta murna. Na tarar da su da la'asar ƙarƙashin rumfa, Baba yana gyara ƙotar sungumi don shuka ta gabato, Inna tana tsince wake. Ita na fara miƙa wa. Ta goge hannu a zane ta karɓa, sai na ga fuskarta ta buɗe, irin buɗewar da na daɗe ban gani ba.

"Tsahara, yaushe Isuhu ya koma gona?"

Na karɓi takardar na riƙe ta nesa, yadda Madam ta koya mana, a karo na farko na kalle ta kamar baƙuwa. Isufu ne. Goshin, da hancin, da yadda leɓen ƙasa ke ɗan turowa in ana jin kai, har gemun. Duk shekarun nan tsage da furfura ne suka tsaya tsakaninsu, muna kallo ba mu gani ba. Na ce wa Inna Baba ne, na gyara shi ne kawai. Murnar ta sauka daga fuskarta, ta karɓi takardar ta miƙa wa Baba. Baba ya ajiye sungumin. Ya daɗe yana kallo, har kaza ta zo tana tsattsagar waken Inna ba wanda ya kore ta. Sai ya ɗaga hannu ya shafa kuncinsa, daga baki zuwa kunne.

"Wanga ni na?"

"Kai na, Baba. Tsagen kaɗai na ɗebe."

"Ashe haka Allah Ya yi ni," ya ce.

Na yi masa bayanin kamfanin, da buhun, da aikin da za a ba ni. Ya saurara har na gama, idonsa na kan takardar. Na ɗauka zai yi fushi don an taɓa tsagen gidansu, har na shirya amsa. Abin da ya faɗa ban shirya masa ba.

"Ba a sa wanga ga buhu. Yaron nan ya ce hoto haramun na gare shi. In anka buga shi, dut kasuwa cewa za a yi Isuhu na, shina wa mutane wa'azi shina saida huskatai ga buhun iri. Ba ni kunyata ɗana."

Ɗana ya ce. Inna ta sunkuyar da kai tana tsince waken da ta riga ta tsince. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, a lokacin ba daɗin kalmar na ji ba, haushi na ji. Na roƙe shi, na yi kuka, na ce aikina ne zai tafi saboda mutumin da ko tuwonmu ba ya ci. Baba ya ce in mayar da tsagen a buga har Makka in ana so, amma wannan a'a. Da zan koma ya nannaɗe hoton a cikin tsohon rawaninsa ya ba ni, ya ce in biya ta Dogon Dutsi in ba Isufu, kada in ce masa komai.

Na tarar da Isufu yana auna wa wata mata sukari. Da ta tafi na warware rawanin na ajiye masa a kan tebur. Ya haɗe rai ya tambaye ni wa ya ɗauke shi hoto ba da izninsa ba. Kafin in amsa idonsa ya sauka kan malafar, wadda gefenta ya ƙone tun ranar da gobara ta kama dangarmu, shi da Baba suka kashe ta. Sai ya gane Baba ne. An ce kada in ce komai, amma kun san bakina. Na kwashe duka na gaya masa, da aikin da zan rasa, da dalilin da Baba ya bayar, da kalmar da ya faɗa. Ina faɗa ne don ya ji ciwo, ba don sulhu ba. Ya kife hoton, ya ninke rawanin da kyau ya ɗora a kai, ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

A Yamai na tambayi kamfanin ko za su karɓi fuskar da tsagenta, suka ce a'a. Wata ƙawata ta ce in yi shiru kawai, ai tsohon ya yarda tun kaka, wa zai je Dumega ya tambaye shi? Na juya maganar a raina kwanaki, don ba ƙarya a cikinta, kuma ba wanda ya ji abin da aka yi ƙarƙashin rumfa sai mu uku. Amma na san buhun zai iso kasuwar Dumega, ya iso ƙofar shagon Isufu, Baba kuma zai gani ya san 'yarsa ta ji maganarsa ta taka. Na je na gaya wa Madam mai fuska ya ƙi. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce to, saura mako nawa, me nake jira. Na yi wani zanen cikin gaggawa, hannu riƙe da zangarniya, ba fuska. Ya isa a ba ni takardar gamawa, bai isa a ba ni aikin ba. Wani ɗan ajinmu aka ɗauka, kuma aikinsa ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Na tattara kayana na dawo gida da damina, ina jin duniya ta ƙare mini.

A gida na tarar da abin da Baba ya yi. Yana da wata 'yar gona a tudu, gabas da gari. Da ruwan farko ya sauka, ya je babbar gona ya zuba gumbarsa kamar kullum, amma ta tudun ya sayo iri daga kasuwa, ba na rumbunsa ba, ya shuka da bisimilla kaɗai. Bai zuba komai ba, bai yanka komai ba. Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Mutumin nan ya yi imani da gaske cewa doguwa tana fushi, kuma in ta yi fushi ba a gona kaɗai take tsayawa ba. Tsaransa sun zo sun ja masa kunne. Duk daminar, in jariri ya yi zazzaɓi a gidan ko akuya ta ƙi kiwo, sai in ga tsagensa sun miƙe. Yana jin tsoro, bai fasa ba. Gonar ta yi, ba yabo ba fallasa. Ya gina mata ƙaramin rumbu nata daban, nesa da manyan, ya aika Dogon Dutsi da magana gajera: akwai hatsin da ba a zuba wa komai ba, in mai shi yana so.

Isufu ya zo ranar kasuwa, alhali an riga an fara ɗaure kayansa na Kamba. Ya yi sallama ya zauna a zaure. Inna ta daka hatsin da kanta, ta hana kowa taɓa turmin, ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Ni na kai kwanon, na laɓe bayan zana ina leƙe, da girmana. Baba ya wanke hannu, Isufu ya wanke. Suka sa hannu a kwano ɗaya. Ba wanda ya nemi gafarar wani, ba wanda ya ce wani ya yi gaskiya. Abin da na ji kawai, Baba ya ce gishiri ya yi kaɗan, Isufu ya ce shi ya ji daidai, suka ɗan yi gardama a kan wannan. Kwanon ya dawo wa Inna ba komai a ciki, ta riƙe shi a ƙirji ta yi kukan da ta daɗe tana ajiyewa.

Ba a koma Kamba ba. Baba bai bar gawonsa ba har ya rasu, Isufu bai ci hatsin babbar gona ba ko sau ɗaya, kuma kowace kaka ana cika ƙaramin rumbun. Isufu ne ya nemo mini shagon nan a Dogon Dutsi, inda nake rubuta alluna da katin biki har yau. Ranar da na buɗe ya kawo mini hoton a cikin rawanin, ya ce shi ba ya ratayewa, amma kada in bari ya lalace. Wani lokaci in na ga motar kamfanin nan ta wuce nakan tuna ofishin da ban zauna ba, kuma nakan ji ɗan zafi, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma da za a mayar da ni bakin ƙofar Madam, abin da na faɗa shi zan sake faɗa.

Yanzu ga abin da Rabi ta gani. Kawunku ya kai shekarun da Baba yake da su a wancan lokaci, gemu ya yi fari, goshi ya tattare. Ya shigo da hantsi ba kowa a shagon, ya zauna yana ta zancen tsadar sukari, na san ba shi ya kawo shi ba. Can ya ciro ɗan hotonsa na katin ɗan ƙasa ya ajiye mini.

"Tsahara, ki maida mani su. Ga allo kawai, kak ki hidda ga takarda."

Ban tambaye shi me ba. Na sa hoton a kwamfuta na jawo kuncin ya cika allo. Ban nemi tsohon hoto don in kwaikwaya ba, hannun da ya goge su bai manta ba. Na ja na dama a miƙe, na ja na hagu, na sa 'yar karkatar nan kusa da kunne. Da na mayar da fuskar daidai girmanta, sai ga Baba yana kallonmu, kamar zai tambayi ko har Damagaram za a gan shi. Kawunku ya matso da kujera. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce in goge, na goge. Ya yi mini sallama ya fita, ina kallonsa ta taga har ya tsallaka titi, hannunsa na kan kuncinsa.